Birkin da Baba Ya Ɗaura

Ga baiwar Allahn da ta rubuto min cewa namiji ɗan shekara ashirin da tara da ke hawa keken yara ba mijin aure ba ne, na gode, amma kin makara. Gwaggona ta riga ki da wata huɗu, kuma ta fi ki iya zaɓen kalma.

Ga sababbin zuwa kuma, bari in taƙaita. Da rana ina aiki a shagon buga katin gayyata, ina gyara wa mutane sunayen angwayensu. Da yamma ni ce mai shafin da ke kawo labarin masu hawa BMX na garinmu, ƙananan kekunan nan masu kaurin taya da gajeren sirdi da ake tsalle da su. Wa ya karye, wa ya warke, wane fili masu gadi suka garƙama wa kwaɗo, wa ya sayar da kekensa saboda matarsa ta haihu. Suna kirana 'Yar Jarida. A can na haɗu da wanda suke ce wa Fanka, saboda in ya tashi sama yakan saki kan keken ya wulwula shi zagaye guda, wata rana biyu, ya cafke kafin taya ta taɓa ƙasa. Sana'arsa walda. Shi ya haɗa duk tudun ƙarfe da katakon da suke hawa a tsohuwar tashar motar da aka daina amfani da ita.

Ranar Alhamis ya zo gaishe da Baba karo na farko.

Tun azahar Gwaggo ta iso, wai ta zo taya ni gyaran falo. Ta canza labule, ta kwashe littattafan Baba daga kan kujeru ta jibge a bayan ƙofa, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su ba tun rasuwar Mama. Tana goge su tana ce min ba don shi take yi ba, don kada a ce gidan ɗan'uwanta babu mace ne.

Fanka ya zo cikin farar riga mai dogon hannu da na san aro ce, don ta rufe tabon gwiwar hannunsa har da rarar yadi. Ya jingine keken a jikin bangon tsakar gida, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa. Ni ina kicin, ƙofa a buɗe kamar faɗin tafin hannu.

Sai kun san Baba tukuna. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas, ko kaza bai taɓa takawa ba. Tun da Mama ta rasu shekara uku da suka wuce ya koma kujerar bakin taga, yana karanta littattafan tarihi yana gyara wa marubutansu kuskure da fensir. Ba ya faɗa, ba ya dariya. In ka yi masa magana goma ya ba ka ɗaya, ita ma sai ka je gida ka gane ta yanke ka.

Bai tambayi Fanka ko ɗan wane ne ba. Tashi ya yi ya je bakin ƙofa ya ɗauko takalmin Fanka na dama, ya kifa shi. A tsakiyar ƙasan takalmin akwai wani dogon rami, santsi kamar an goge da dutse.

"Wannan fa?"

Fanka ya ce da shi yake tsayar da keke, yakan danna ƙafa a kan tayar baya.

"Keken ba shi da birki?"

"Na cire, Baba."

"Lalacewa ya yi?"

"A'a, sabo ne."

Baba ya mayar da takalmin inda ya ɗauko, ya daidaita shi da ɗan'uwansa. Ya ce ya taɓa jin wanda yunwa ta sa ya sayar da birki, amma yau ya fara ganin wanda ya cire don nishaɗi. Na jira Fanka ya yi bayani. Bayanin ba shi da wuya, rabin masu hawa irin kekensa haka suke yi, don wayar birki tana hana kan keke juyawa. Amma mutumin da ke tsalle daga tudu mai tsayin mutum biyu ya sunkuyar da kai yana kallon zanen darduma. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce in ji da kunnena, mutum ne da bai san tsayawa ba.

Kafin ya gama shayinsa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Baba ya ce ya bar keken ya hau mota, gobe ya zo ya ɗauka. Da zai fita ya yi ƙarfin halin cewa ranar Asabar suna da gasa, mutum uku na farko za a kai su babbar gasa a wani gari, wani kamfanin takalma ne zai ɗauki nauyi. Baba ya ce zai zo ya ga abin da ke cin takalma haka. In ya gani, zai faɗa masa ko ya turo manyansa ko ya huta.

Da safe wata ƙara ce ta tashe ni, ƙarar da na manta ina da labarinta. Murfin akwatin kayan aikin Baba. Na leƙa tsakar gida na gan shi zaune a kan kujera 'yar tsugunne, daga shi sai singileti, tabarau a kan karan hanci, sifanu a jere a kan tsohuwar jarida daga ƙarama zuwa babba. Ya kifa keken Fanka ƙafafu sama. A gefe ga tsohon baƙin kekensa da ke rataye a ɗakin ajiya tun kafin a haife ni, wanda yake ɗaukar Mama a kai kafin ya samu aikin bas. Ya sauko da shi, ya kwance masa birkin baya, ya wanke da kananzir har yana ƙyalli, ya samu ramin da maƙera suka bari a jikin keken Fanka ya ɗaura.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ya auna wayar ya yanke daidai, ya bi da ita jikin ƙarfe ya ɗaure a wuri uku.

"Ba na son waya tana lilo kamar igiyar shanya," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ranar ya ci burodi har yanka huɗu. Ya tambaye ni ko akwai sauran man shanu. Shekara uku ban ji Baba ya tambayi ƙarin komai ba.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki waya.

Ni: Baba ya sa wa kekenka birki.

Shi: Wane iri?

Na tura masa hoto. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Shi: Hannunsa na da tsabta.

Ni: Wayar gajeriya ce. Kana kai rabin juyi za ta naɗe ta kama taya.

Shi: Na gani.

Ni: To gobe ka cire kafin a fara, in an tashi ka mayar.

Shi: Ya ce zai zo kallo.

Ni: Sai ka yi masa bayani.

Shi: Ke ki yi masa mana.

Ni: Ni ba ni ce zan faɗo a kan siminti ba.

Shi: Mahaifinki ne ya ɗaura da hannunsa. Ba ni zan kwance ba.

Na rubuta masa cewa kunya ba ta ɗora ƙashi, na goge. Na rubuta cewa shekara biyu yana jiran wannan gasa, shi ma na goge, don ya fi ni sani.

Kada ku ce ban gwada ba. Na fito na sami Baba a bakin famfo yana cuɗa hannu da sabulu, baƙin mai yana gangarowa. Na ce, "Baba, game da birkin nan." Ya ce ai birkin nan ya san aikinsa. Akwai wata gangara a hanyar gidan da suka fara zama, duk lokacin da suka zo kanta Mama takan damƙe masa riga ta baya ta ce ya taka a hankali, ita ba ta gama rayuwa ba. Ya faɗa yana kallon kumfar hannunsa. Sannan ya juyo ya ce, "Me za ki ce, Auta?"

Na ce ya yi kyau.

Ranar Asabar na sa doguwar riga ruwan toka da takalmin gudu, na ɗaure mayafi ta baya don kada iska ta kawo shi gaban kyamara. Baba ya fito cikin fararen kaya masu karin guga kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Gwaggo ta ce ba za ta je kallon ƙarti suna neman asibiti da ƙafarsu ba, amma in kira ta in an karye.

Tashar ta cika. An ja igiya, an jera benci, mai lasifika yana kiran sunaye yana haɗawa da tsiya. Kowane mahayi yana da hawa biyu, minti ɗaya ɗaya, wanda ya fi kyau shi ake ƙirgawa. Na zaunar da Baba a bencin gaba kusa da inda nake tsayawa, na ba shi ruwan gora, ya riƙe bai buɗe ba.

Akwai wata ƙa'ida tamu da ya kamata ku sani. Mai ɗaukar bidiyo ba ya sauke hannu in mahayi ya faɗi. Ko jini ne, ko ƙarar ƙashi ce, kana riƙe da waya har sai ya tashi ko ya ɗaga maka hannu. Masu kai masa ɗauki suna nan da yawa, kai aikinka daban. Mutum ya yi wata shida yana bin abu ɗaya, ya biya da jikinsa, in ka sauke hannu ka zubar masa da abin da ya saya. Kuma da wannan bidiyon yake gane inda ƙafarsa ta kuskure. Ranar da Fanka ya fara ce min yana sona, abin da ya biyo baya shi ne, in na taɓa sauke waya saboda shi zai yi fushi da ni na wata guda. Irin soyayyar da Allah ya haɗa ni da ita ke nan.

Tun kafin a kira shi aka hango birkin. Wani ya tambaye shi ko kwando zai ƙara a gaba don cefane. Mai lasifika ya sanar cewa Fanka ya tuba, jama'a a taya shi da addu'a. Ya yi murmushi ya ɗaure hular kwano.

Hawansa na farko babu kuskure ko ɗaya. Ya tashi sama fiye da kowa, ya juya da keken gaba ɗaya, ya sauka kamar an ajiye shi da hannu. Amma duk inda muka saba ganin ya saki kan keke, sai ya riƙe. Sau uku jama'a suka ja numfashi, sau uku suka sake shi a banza. Da ya gama, tafin ya fito irin na ladabi. Ya zo na bakwai cikin goma sha biyu. Saƙonni suka fara shigowa wayata, masu kallo kai tsaye suna rubuto cewa an ɗauke wa Fanka wuta, wani ya ce mace ce, duk gwanin da ya lalace a bincika za a samu mace.

Baba ya kalli mutum biyar da suka biyo baya. Na lura ba sama yake kallo ba kamar kowa, hannuwansu yake kallo. Na huɗu ya wulwula kan kekensa sau ɗaya, aka yi ihu. Na biyar ma haka.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Shi naku me ya sa ake ce masa Fanka?"

Na ce suna ne kawai.

"Na tambaye ki."

Na faɗa masa.

"To yau me ya hana shi?"

Na duƙufa a kan waya kamar mai duba caji. Ya ajiye gorar ruwan a kan benci, ya miƙe, ya ɗaga igiyar ya bi ta ƙarƙashi. Mai lasifika ya buɗe baki zai yi magana, ya ga furfura da fararen kaya, ya haɗiye. Baba ya ratsa filin bai yi sauri ba har inda Fanka ke zaune. Ya karɓi keken, ya ɗaga tayar baya ya juya feda da hannu har ta ɗauki gudu, sannan ya kama kan keken ya fara murɗawa a hankali. Bai kai rabi ba wayar ta naɗe ta miƙe, tayar ta tsaya cak.

Ya daɗe a haka. Daga inda nake ina ganin yadda wuyansa ya sunkuya.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da sifana mai lamba goma, wadda ban san ya ci gaba da yawo da ita ba. A gaban mutum ɗari biyu ya tsuguna da fararen kayansa a kan siminti ya kwance abin da ya ɗaura. Bai kai minti uku ba. Ya naɗe wayar a hannu, ya sa birkin a cikin hankici, ya miƙa wa Fanka keken. Daga baya Fanka ya gaya min abin da ya ce masa.

"Da ka faɗa min ai da na ji haushi na kwana ɗaya. Je ka yi abin da ka iya."

Ya dawo ya zauna, gwiwoyin wandonsa baƙi ƙirin.

Hawa na biyu ba zan iya ba ku shi da baki ba, yana nan a shafi. A tudu na farko ya wulwula sau ɗaya. A na biyu sau biyu, tashar ta ɗauka gaba ɗaya, har mai lasifika ya manta da tsiyarsa. Saura daƙiƙa goma ya nufi babban tudun, na ga yadda ya sunkuya na san uku zai nema, abin da bai taɓa samu a gaban mutane ba. Ya tashi. Ɗaya, biyu, uku. Hannun dama ya cafke, na hagu ya kama iska.

Ƙarar faɗuwarsa ba irin ta ƙarfe ba ce. Keken ya yi gaba shi kaɗai, shi ya zame a kan kafaɗa ya tsaya bai motsa ba. Mutane suka ruga. Ni ina tsaye inda nake, waya a daidai fuskata, ina bin sa ta tsakanin ƙafafun jama'a. Daƙiƙa arba'in da ɗaya, na ƙirga daga baya. Sannan hannu ya fito sama, yatsa biyu. Na sauke waya, na ga Baba ba filin yake kallo ba. Ni yake kallo.

A asibiti aka ce wuyan hannun hagu ne ya tsage, sati shida. Ya zo na huɗu, bambancin maki ɗaya da rabi. Yana kwance ana naɗa masa filasta yana tambayata ko na samu juyi na ukun sosai. Baba ya leƙo ya yi masa sannu, ya ce wannan faɗuwar aƙalla tasa ce, ba ta wani ba. Fanka ya yi dariya har ma'aikaciyar ta harare shi.

A barandar asibitin muka tsaya jiran mota, rana ta yi sanyi. Baba yana juya hankicin nan a hannunsa.

"Yaron nan na yarda da shi," ya ce. "Mutumin da zai zubar da abin da ya fi so don kada ya kunyata tsoho, ba a samunsa kullum. Wauta ce, amma mai tsada."

Sai ya ɗago ya dube ni.

"Abin da ban sani ba, ko ya kamata in ba shi ke. Mutumin da kika ce kina so yana kwance kamar gawa, hannunki ko rawa bai yi ba."

Ina da amsa. Ina da ƙa'idarmu, ina da alkawarin da na yi wa Fanka. Ina kuma da wadda ta fi su kaifi, cewa hannun nan a ɗakin jinyar Mama ya koyi tsayawa, wata uku ina riƙe mata kofi a baki lokacin da wani yake tsaye a baranda ya kasa shigowa. Ta zo har kan harshena. Na dubi gwiwoyin wandonsa na haɗiye ta.

Muka samu mota muka koma gida. Gwaggo ta kira sau huɗu ban ɗauka ba, ta turo saƙo: An karye ko? Baba ya shiga ɗakinsa, na shiga nawa na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, na buɗe bidiyon don in yanka in sa a shafi. Hoton tsaf yake, ko girgiza babu, har na ji kunyar kaina. Sai na ƙara murya.

Ban san na yi magana ba. Wallahi ban sani ba. Tun daga faɗuwarsa har ɗaga hannunsa wata murya ce a kusa da wayar, siririya kamar ta yarinya, tana kiran sunansa na gaskiya wanda ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, tana cewa tashi, don Allah tashi, ya Allah kada ka ƙara min, ya Allah ba zan iya sau biyu ba.

A shafi na sa shi babu murya. Mai muryar na tura wa mutum ɗaya, ban rubuta komai a ƙasa ba.

Bangon da ke tsakanin ɗakina da na Baba ba shi da kauri. Na ji ƙarar shigar saƙo. Na ji shirun neman tabarau. Sannan na ji kaina ta cikin bango, daga farko har ƙarshe. Ya sake kunnawa. Ya kuma sakewa. A na ukun bai bari ya kai ƙarshe ba.

Ana kiran magariba ya tsaya a bakin ƙofata, ya canza wando, idanunsa sun yi ja, ya ce ƙurar tashar nan ba ta da kyau. Ya ajiye hankicin a kan teburina, birkin Mama a ciki.

"Ki ce masa in hannun ya warke ya turo manyansa. Gwaggonki ni zan ji da ita."

Ya juya zai tafi, ya tsaya.

"Kuma ki tambaye shi, wayar birki tsawon nawa ce ba ta hana kan keke juyawa. Ya ba ki awon daidai, kada ya yi min kunya."